Buton bayan an girma: abin da nake gaya wa masu zuwa farmasi neman maganin ƙurajen fuska

Shekarata takwas ke nan a bayan kanta a wani farmasi nan Garwa a arewacin Kamaru, kuma in ka cire maganin zazzaɓi da na ciwon ciki babu abin da ake tambayata kamar maganin buton. Ba 'yan lekol kaɗai ba fa. Matan aure masu 'ya'ya uku huɗu, ma'aikata, 'yan moto, har wata Hajiya da ta aurar da ɗiya ta taɓa zuwa ta ɗaga niƙabi tana ce min "ɗiyata duba min nan, ni da na ba arba'in baya me ya haɗa ni da ƙurajen balaga?" Ni kaina sai bayan haihuwata ta biyu suka feso min a haɓa ina shekara 31, ni da ban san su ba ina budurwa. To abin da zan rubuta shi ne wanda nake maimaitawa kullum, sai dai a kanta ba a samun sukuni, wannan na jiran canji wancan na miƙo ordinans, wato takardar magani daga likita. Zan fi yi da mata don su suka fi fama da shi bayan an girma, amma maza ku tsaya, akwai naku.

Da farko a san yadda abin ke faruwa, don wanda bai san wannan ba shi ne ake sayar wa komai. Kowane gashi na fuska yana fitowa ta wata 'yar ƙofa, a gindinta akwai abin da ke fitar da maiƙo. In maiƙon ya yi yawa ya haɗu da matacciyar fata sai ƙofar ta toshe. Toshewar da bakinta ke buɗe ita ce baƙin ɗigon nan na kan hanci, kuma baƙin ba datti ba ne, iska ce ta taɓa maiƙon ya canza launi. A cikin toshewar wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa, sunanta Cutibacterium acnes, sai ta samu wurin hayayyafa, jiki ya taso mata, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Shi ke nan. Ba dattin ciki ba ne, ba ƙazanta ba ce, ba rashin aure ba ne kamar yadda ake tsokanar 'yan mata, kuma ba a ɗauka a wurin wani.

Mataki na farko, ki tabbata su ɗin ne

A watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, rabin masu zuwa ba buton gare su ba, ƙurajen zafi ne, ƙanana ƙanana masu tsikari a wuya da ƙirji da baya, da an samu sanyi su kwanta. Akwai kuma wasu masu ƙaiƙayi sosai, duk girmansu ɗaya kamar an zuba gero a goshi da kafaɗa, su irin ƙwayar cutar da ke kawo amosani ce sanadinsu, maganinsu daban, antibiyotik ma ƙara su yake. Buton na gaske a gauraye suke, ga baƙin ɗigo, ga farin kai, ga ja mai zafi, wani babba wani ƙarami, kuma sun fi ciwo a kan ƙaiƙayi. A wajen manyan mata sun fi son haɓa da muƙamuƙi da ƙasan kumatu zuwa wuya.

Maza, ƙurajen da ke fitowa a gemu kwana biyu bayan aski gashi ne ke lanƙwasawa ya koma cikin fata. Ku bar reza, a rage da tondaz, injin aski, a bar ɗan tsawo. Na ƙeya kuwa masu tauri da ke haɗewa su zama tudu, kar a bari wanzami ya yanka, a je asibiti tun suna ƙanana.

Mataki na biyu, kwaso duk abin da kike shafawa

Nan zan daɗe, don nan ne matsalar mafi yawanmu take. Ki ɗebo komai, man fuska, man jiki, sabulu, hoda, man kitso, da wannan haɗin da Adda ta kawo miki a robar da ba ta da suna. Ki karanta jikin kowane tib. In kin ga clobétasol ko bétaméthasone, ko wani suna mai ƙarewa da sone, to kortikoyid ne. Magani ne na gaske, likita na rubuta shi don wasu cututtukan fata na 'yan kwanaki, amma mu mun mayar da shi man shafawa saboda yana sa haske.

Ga yadda yake yaudara. Satin farko zuwa na biyu fuska ta yi sumul, ja ya kwanta, kowa na cewa wane mai kika samu. Bayan wata biyu uku sai ƙuraje su feso a lokaci ɗaya, fata ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi, gashi ya fara fitowa a kumatu, a jiki kuma ga nankarwa. Ki daina, fuskar ta yi zafi ta yi ja kamar an watsa barkono, ki koma ki shafa ta lafa. An kama ki ke nan. Wata amarya daga unguwar Yelwa ta zo min saura kwana goma sha biyu biki, ita da yayarta, ta zazzage jaka a kan kanta, tib shida na ƙirga, huɗu duk abu ɗaya ne sunan kamfani kawai ya bambanta, kuma ana matse su a cikin man jiki a gauraya. Yayar sai cewa take "ƙanwata ki taimaka ki ba mu mai ƙarfi wanda zai share su kafin ranar." Na ce Adda wallahi babu shi, wanda duk ya ce miki akwai wani tib ɗin zai ƙara miki. Ba su ji daɗi ba, suka tafi. Bayan wata huɗu amaryar ta dawo ita kaɗai.

A watan Agustan 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigowa da sayar da kayan shafa na bilicin masu sinadarin hidrokinon da makuri da ire-irensu, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san suna nan, ta iyaka suke shigowa. In kin yi watanni kina shafa kortikoyid kar ki yanke rana ɗaya ke kaɗai, ki je likita ya tsara miki yadda za ki janye a hankali, kuma ki sa a ranki za ki sha makonni fuskar ba daɗin gani. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, da yawansu dexaméthasone ne, ɗan gidan su ɗaya, suna fesar da ƙuraje a ƙirji da baya ban da hawan jini da sukari da suke jawowa.

Sai man gashi. In ƙurajenki a goshi suke bin layin gashi, duba man kitso. Masu shafa shebe da karkar irin na Cadi, ba na ce ku bari ba, gashi yana so, amma a tsaya a jelar gashin, a ɗaure kai kafin a kwanta, kar maiƙon ya sauko goshi ko ya jiƙe matashi. Man kwakwa a fuska yana toshewa. Hijabin da ya matse haɓa ya sha gumi tun safe, igiyar kaske, hular kwano ta 'yan moto, rawanin da ake rufe fuska da shi saboda ƙura, duk suna gurzar fata, a riƙa canzawa ana wankewa.

Mataki na uku, tambayi jikinki

Sinadaran jiki da ake kira homon su ne ke ba da umarnin fitar da maiƙo. Shi ya sa mata da yawa ke ganin ƙurajen sun taso saura mako al'ada ta zo. Ciki na iya tayar da su, haka daina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Allurar wata uku da ashanar da ake sawa a dantse suna ƙara wa wasu matan ƙuraje, in kin lura daga lokacin suka fara ki koma inda aka sa miki ki yi bayani a duba wata hanyar, kar ki je ki cire da kanki.

Wadda al'adarta ke tsallake wata biyu uku, ga gashi a haɓa ko ƙirji, ga ƙiba, wataƙila ga jinkirin haihuwa, to ƙurajen alama ce kawai, a je a duba ƙwan mahaifa a wurin likitan mata. Wasu magunguna ma na kawo su, irin na farfaɗiya da na tarin fuka da allurar bitamin B12 da ake yawan yi ba dalili. Na farfaɗiya da na tarin fuka ba a dainawa saboda ƙuraje, a gaya wa likita kawai. Damuwa da rashin barci suna ƙara su, wannan na gani a kaina.

Maganar abinci ba zan ja ta ba. Gyaɗa da mai da ake ɗora wa laifi babu wata hujja mai ƙarfi a kansu. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne sukari da abin da ke saurin zama sukari a jini, sai madara a wajen wasu. Wato shayin nan da ake zuba wa sukari kamar za a yi alewa, lemon kwalba, burodi da fanke kullum. Ki rage na wata biyu ki gani. Amma abinci kaɗai ba ya warkar da su.

Mataki na huɗu, wanki

Sau biyu a rana, safe da dare, sai in kin yi gumi sosai. Da tafin hannu, da sabulu mai laushi marar turare, ruwa ba mai zafi ba. Ban da soso. Sabulun salo mai kanwa da yawa yana busar da fuska ta yi ta ɗaurewa, kuma jin wannan ɗaurewar ba alamar tsabta ba ce, alamar an wahalar da fata ce. Lemon tsami, man goge baki, kanwa, toka, tafarnuwa, duk na ga waɗanda suka ƙone da su, ƙunar kuma baƙin tabo take bari wanda ya fi ƙurjin daɗewa. Dilka da halawa a bari sai fuska ta lafa. Hoda da fon-de-tan, man nan da ake shimfiɗawa kafin hoda, a nemi wanda aka rubuta non comédogène, wato marar toshe ƙofofin fata, kuma ko biki aka dawo ƙarfe biyun dare a wanke kafin a kwanta. Rigar matashi a canza duk mako.

Matsa kuwa, na san daɗinta, ni ma na yi. Amma rabin abin ciki yake komawa, kuma a fatarmu baƙa duk inda aka matsa sai ya bar shaida. Wanda ke kusa da hanci da leɓen sama kar ma a kusance shi, jijiyoyin wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

Mataki na biyar, maganin shafawa

Guda biyu ne ginshiƙi. Na ɗaya a jikin kwali za ki ga peroxyde de benzoyle, irin su Cutacnyl. Yana kashe ƙwayar cutar kuma ba ta sabawa da shi. Ki fara da na kashi 2.5 ko 5, na kashi 10 bai fi su aiki sosai ba sai dai ya fi ƙona fuska. Gargaɗi ɗaya da ake mantawa, yana cin launin tufa. Wata ta dawo tana faɗa wai ya ɓata mata sabon hijabi ruwan toka da tawul. Ki wanke hannu bayan kin shafa, ki kwanta a kan farar rigar matashi.

Na biyu adapalène na kashi 0.1, irin su Différine. Shi yana buɗe ƙofofin ne ya hana sabuwar toshewa, kuma yana taimaka wa tabo. Da dare kawai ake shafa shi. Ga yadda za ki yi: ki wanke fuska, ki jira ta bushe sarai kamar minti ashirin, ki matso kamar ƙwayar wake ɗaya, ɗaya fa, ki ɗiɗɗiga a goshi da kumatu biyu da haɓa ki baje. Duk inda ƙurajen ke fitowa ake shafawa ba kan ƙurjin kaɗai ba, don wanda kike gani yau tun makonni ya fara a ƙasa. Ki kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da leɓe. Sati biyun farko dare ɗaya ki shafa ki huta dare biyu, sannan dare ɗaya bayan ɗaya, in fata ta karɓa sai kullum. Ki ɗora man da ba shi da maiƙo a kai, musamman da hunturu lokacin da iska ke tsattsaga fata, a lokacin ma ki rage kwanakin.

Kar ki fara su biyun rana ɗaya. Ki fara da ɗaya, bayan sati biyu zuwa uku ki shigo da ɗayan, benzoyil da safe adapalen da dare. Akwai wanda aka haɗa su a tib ɗaya, Epiduo, sai dai da tsada.

Mai ciki ko mai neman ciki, adapalen da ɗan'uwansa trétinoïne ba naki ba ne. Akwai acide azélaïque, irin su Skinoren, shi ake ba masu ciki kuma yana da kyau ga baƙin tabo, amma duk da haka ki tambaya a wurin awo. Erythromycine ko clindamycine, antibiyotik na shafawa, kuma ba a amfani da su su kaɗai, sai an haɗa da benzoyil, in ba haka ba ƙwayar cutar ta saba su daina aiki.

Mataki na shida, haƙuri da lissafi

Wannan shi ne inda ake faɗuwa. Sati biyu zuwa huɗun farko fuska na iya bushewa ta yi saɓa, ƙurajen ma su ɗan ƙaru, sai a ce maganin bai karɓe ni ba a jefar a sayi wani. Sai sati shida zuwa takwas ake fara ganin canji, sai sati goma sha biyu ake yanke hukunci. Ki ɗauki hoto da waya ranar da kika fara, a bakin taga da safe ba hoda ba filta, ki sake duk bayan sati biyu a wuri ɗaya. Madubi kullum ba ya nuna miki komai sai ɓacin rai. In sun tafi kuma kar ki ajiye adapalen, ki ci gaba ko sau uku a mako, don sanadin yana nan.

Baƙin tabo shi ya fi damun yawancinmu fiye da ƙurjin kansa, kuma shi ke kai mutane ga man bilicin. Yana gogewa da kansa amma wata shida har shekara yana iya ɗauka, kuma rana ce ke ƙara masa baƙi. Ana cewa baƙar fata ba ta bukatar man kariyar rana, to mai tabo tana bukata. Ki nemi mai lamba 30 ko sama, marar maiƙo, kowace safiya. In kuɗin bai kai ba, lema da inuwa da gujewa ranar tsaka. Tabon da ya yi rami kuwa babu man da ke cike shi, kar a ci kuɗinki.

Mataki na bakwai, lokacin zuwa asibiti

In wata uku sun cika ba canji, ko ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi kamar maruru, ko sun fara barin rami, ko sun cika baya da ƙirji, ko sun hana ki shiga mutane, to a wuce wurin likita. Likitan fata ba a kowane gari yake ba a nan arewa, wasu har Yawunde ko Njamena suke zuwa, amma babban likita a asibitin Garwa ko Marwa ko Ngawundare zai iya fara miki. Ki tafi da duk tib ɗin da kike shafawa a leda, har wanda kike jin kunyar nunawa, musamman shi.

Yawanci antibiyotik mai suna doxycycline ake fara rubutawa, miligiram 100 a rana na kamar wata uku, tare da na shafawa. Ba a shanta shekara guda, kuma ba a saye a tebur a sha kwana biyar a bari. A sha da kofi cike da ruwa, a zaune ko a tsaye, kar a kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, don in ta maƙale a maƙogwaro tana yin gyambo. Da azumi ina ce wa mutane su sha bayan buɗa-baki, ba da sahur ba tunda ana komawa barci. A raba ta da kindirmo da madara da ƙwayar ƙarin jini da awa biyu zuwa uku. Tana sa rana ta fi ƙona fata. Mai ciki ba ta sha, yara 'yan ƙasa da shekara takwas ma haka.

Matan da nasu na homon ne, likita na iya ba da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, ko spironolactone. Ta farkon ba ta dace da mai hawan jini ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, don haka kar ki ari ta maƙwabciya. Ta biyun ba a haɗa ta da ciki.

Na ƙarshe shi ne isotrétinoïne, wanda aka fi sani da Roaccutane ko Curacné. Shi ne mafi ƙarfi, ana shan sa wajen wata shida gwargwadon nauyin mutum, kuma da yawa in sun gama ba sa sake ganin manyan ƙuraje. Amma yana nakasa jariri a ciki, nakasa mai tsanani. Sai an fara tazarar haihuwa wata ɗaya kafin a fara, a ci gaba har wata ɗaya bayan an gama, ana gwajin ciki duk wata, ana duba jini. Ba a haɗa shi da doxycycline, ba a ba da jini lokacin da ake sha har wata ɗaya bayan nan, leɓe zai bushe ya tsage sai da bazilin a aljihu, kuma in mutum ya ji ransa na ƙunci ba dalili ya gaya wa likita da wuri. Matar aure ta zauna da maigida su yi maganar tun kafin a karɓi ordinans, don ba abin da za a ɓoye ba ne. Kwanaki wani ya zo da hoton kwalin a waya wai matarsa ta gani a Facebook in ba shi guda biyu, na tambaye shi ko tana tazara ya ce a'a yaronsu ma ya isa yaye suna son ƙari. Na ce Malam yi haƙuri, wannan ko da ordinans ka zo sai na kira likitan da ya rubuta.